Yadda Ake Sayen Tufafi Masu Ƙarko Ba Tare da Cin Gumin Kowa Ba

Tun ranar da na faɗa a wani gidan suna a Yelwa, nan Garwa, cewa shekara uku ke nan rabona da sayen anko, kuma kayan sallar yarana rabi gwanjo ne rabi ɗinkin telan layinmu, ban huta da tambaya ba. Wata ta tsare ni a bakin Islamiyya, ƙawata ta kira daga Marwa, har ƙanin maigidana da ke Kusiri ya turo saƙon murya na minti shida. Abin da suke son sani bai wuce biyu ba: yaya ake gane kayan da za su jure, kuma yaya mutum zai kauce wa sa tufar da aka ci gumin wani a kanta. Ga yadda nake yi, bi da bi. Kurakuran da za ku gani a ciki, mafi yawansu da kuɗina na koye su.

Mizanina uku ne: kayan su daɗe, wanda ya yi su ya samu haƙƙinsa, in sun mutu kuma kada su zame wa gari ƙazanta. Ba kullum ake haɗa ukun a tufa ɗaya ba. In an samu biyu, an yi ciniki.

1. Zazzage akwati tukuna

Kafin a taka kasuwa, a shimfiɗa tabarma a zazzage komai: akwati, durowa, har buhun nan da aka tura ƙarƙashin gado aka manta. A kasa kashi uku. Wanda ake sawa, wanda gyara kawai yake jira, da wanda ba za a ƙara sawa ba. Ranar da na fara yin haka na tarar da turmin atamfa huɗu da almakashi bai taɓa ba, biyu ma tun na lefena, alhali a satin ina shirin karɓo wata bashi. Riga bakwai kuma zif ne ko maɓalli kawai ya hana su fita.

Daga nan a rubuta abin da babu, da sunan mai shi: wandon makaranta biyu na wane, hijabin sallah na wance, rigar sanyi ɗaya. Da wannan takardar za a shiga kasuwa.

Hattara: kada a yi wannan aiki da yara a kusa in akwai kayan da za a ba da kwance. Rigar da yaro ya shekara bai kalla ba, ranar ce zai ce ita ya fi so.

2. Lissafin kuɗi da lokaci

Ni ba farashin riga nake kallo ba, kuɗin sawa ɗaya nake kallo. A ce an sayi riga sefa 3,000, ta yi sawa 10 ta koɗe ta saki jiki. Kowace sawa ta ci 300. Wata kuma an saye ta 9,000, ta yi sawa 90. Kowace sawa 100. Ta farkon ce mai tsada. Sayen nagari mai da kuɗi gida, kowa ya san karin maganar, amma a gaban rumfa ake mantawa.

In yadi za a saya, a ware kuɗin ɗinki tun daga gida: ladan tela, aikin wuya in akwai, shafi, zif, maɓalli. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙarar da kuɗi kan yadi, sannan a je a matse tela ya yi aikin dubu biyar a dubu biyu.

Lokaci ma kuɗi ne. Kayan ƙaramar sallah a saye su tun Sha'aban, kayan makaranta tun Yuli kafin cunkoson komawa aji a Satumba, rigunan sanyi kuwa a Afrilu, lokacin da zafin Garwa ya haura digiri 40 kuma mai gwanjo ke neman wanda zai raba shi da su. Kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola daga Kantin Kwari kuwa farashinsu na bin canjin naira, don haka ba laifi a tambayi canjin ranar kafin a fara tayi.

3. Abin da za a riƙe a jaka

Farin hankici ko farin ƙyalle mai tsabta. Ƙaramar gorar ruwa. Ashana. Tef ɗin awo irin na tela, da awon kowa na gida a rubuce: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Waya mai fitila, don rumfunan cikin babbar kasuwa duhu gare su, kuma duhu abokin mai sayar da kaya mai aibi ne. Duk waɗannan ba su kai kuɗin farantin shinkafa biyu ba, in an cire wayar.

4. Gane zare: auduga ce ko roba

Nan ne gindin aikin, don haka zan daɗe a kai. A ƙasarmu mai zafi auduga ce ke shan gumi ta bar jiki ya sha iska. Foliyesta da nailan, waɗanda muke kira roba, daga man fetur ake yin su. Suna riƙe zafi da wari, duk wanki suna sakin ƙananan zaruruwa cikin ruwa, in an jefar da su kuma ba sa ruɓewa. Abin haushi, masu yin su sun ƙware, har atamfa da shadda ana yi da su, ido kaɗai ba ya ganewa.

Gwaji na farko, damƙa. A dunƙule gefen yadin a tafin hannu, a ƙirga goma, a saki. Auduga za ta yamutse ta tsaya a yamutse. Roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba.

Na biyu, ruwa. A ɗiga ɗigo ɗaya. Auduga na shanye shi, roba kuwa sai ya tsaya kamar ƙwallo ko ya gangara. Sai dai sabon yadi mai sitaci da yawa yakan hana ruwa shiga ko da auduga ce, don haka wannan gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Na uku shi ne alƙali: wuta. A nemi izini a zare zare biyu ko uku daga bakin yadin, ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, don akwai yadin da ake saƙawa auduga ta nan roba ta can. A fita waje a kunna. Auduga tana ci da sauri, warinta irin na takarda, tokarta fara-fara mai laushi, in an murza ta watse. Roba tana ja da baya daga wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri kamar tsakiya. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake. In an ga toka da ɗan dunƙule tare, haɗi ne.

Akwai wani zare da ake rubuta wa viscose, da itace ake yin sa. A wuta kamar auduga yake, a jiki sanyi gare shi, yawancin yadin mata masu santsi da zubi shi ne. Amma in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake, kuma yana tsukewa. Ba na hana saye, sai dai ba na yi wa yaro mai guje-guje kaya da shi.

Hattara: kada a kunna ashana cikin rumfa. Kasuwanninmu sun sha gobara, ba mai yafe wannan. Mai kayan da ya ƙi a zari zare kuwa bai zama maƙaryaci ba, amma ni nakan ce, “Alhaji, to yanko min ɗan yatsa guda daga baki, zan biya.” Wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙi.

Hattara ta biyu, wadda ta fi ta farkon nauyi: hijabi ko doguwar riga ta roba a gaban murhu. Auduga in ta kama wuta ci take, roba kuwa narkewa take ta manne a fata. Kayan girki da kayan barcin yara, musamman a hunturu da ake kwana da gawayi a ɗaki, a yi ƙoƙari su zama auduga.

5. Atamfa da shadda

A juya atamfa a dubi bayanta. Ta kakin gaske launinta ciki da waje kusan ɗaya ne. Wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya bayanta fari-fari yake. Wannan ba ya nufin ba ta da kyau, akwai mai fuska ɗaya ta auduga zalla da ke shekaru, amma kada a biya mata kuɗin waccan. A karanta bakin yadin: Vlisco ta Holan, alal misali, tana buga sunanta da lambar zane a baki, kuma lambar ta dace da ta takardar da aka manna. Masu jabu ma suna kwaikwayon rubutun, don haka rubutu shaida ɗaya ce, hannu da wuta su ne sauran.

A jiƙa farin hankici a goga a gefe. In launi ya fito jawur, zai zuba a wanki ya ɓata na kusa da shi. A ɗaga yadin a haska fitilar waya ta baya: in ana ganin ramuka tsakanin zare, saƙar ba ta da cika, sitaci ne ya ba ta jiki. A murza gefen tsakanin yatsu, in farin gari ya zubo, to jikin nan a bahon wanki zai tsaya. Na taɓa sayen shadda mai ƙyalli kamar madubi don ɗaurin auren ƙanina, mai rumfa yana ta rantsuwa. Wanki ɗaya ta koma kamar gidan sauro. Getzner ta gaske, wadda muke cewa gezna, daga Ostiriya take zuwa, auduga ce, kuma ba a samun ta a kuɗin banza. In aka ce ga gezna a kuɗin atamfar gida, a yi sallama.

A auna tsawo a gaban mai kaya. Turmi yadi 6 ne, wato kimanin mita 5 da rabi. Wanda ya zo da 5 da ɗan kai, tela ne zai sha zargi daga baya.

Sai maganar ta gida. Auduga a gonakinmu ake noma ta, daga nan har Gidar da Kayele. Sodecoton, wanda hedikwatarsa ke Garwa tun kafuwarsa a 1974, shi ke saye daga manoma ya gurje, man Diamaor da muke suya da shi ma daga angurya yake. A Cadi kuma Cotontchad ke wannan aikin daga Mundu. Amma mafi yawan audugar ɗanya take fita ta Duwala, ta dawo mana a matsayin riga daga Asiya. Kamfanin CICAM yana da masaƙa a Garwa da wurin buga zane a Duwala, shi aka sani da atamfar ranar mata ta duniya, 8 ga Maris. In na samu atamfarsa a rumfa, kuma ta ci gwajin da na lissafa, ita nake fara ɗauka, don kuɗin ya ɗan zaga cikin gida. Amma ita ma gwada ta nake, kasancewa ta gida bai ɗauke mata jarrabawa ba.

6. Gwanjo

Tufar da aka riga aka yi, sake sa ta ba ya cin sabuwar gona ko sabon ruwa. Shi ya sa gwanjo ke da babban matsayi a lissafina, musamman kayan yara, rigunan sanyi, wandunan jins da tawul. Amma ba kowane gwanjo ne alheri ba. Cikin dila akwai shara da Turai ta rasa inda za ta kai. A kasuwar Kantamanto ta Akara, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigowa bola yake ƙarewa. In kun sayi riga biyar don araha uku suka mutu a wata guda, kun taya su kwashe shara ne da kuɗinku.

Ga tsarin. A san mai kaya ɗaya ko biyu, a tambaye su ranar fasa dila, a je da sassafe. Zaɓin farko ya fi tsada, amma nan ake samun wanda ko sawa ba a yi ba. Tsibin yamma da ake yi wa shela, sai mai haƙuri da ido. A kasuwar Lahadi ta Pitowa na fi samun kayan yara da sauƙi, sai dai a je kafin rana ta take.

Kowace riga a juya cikinta waje. A duba wurare biyar: hammata, wuya, tsakanin cinyoyin wando, gwiwa, da bakin aljihu. A ja ɗinki a hankali ta gefe biyu, in zare ya buɗe baki, a ajiye. A ɗaga ta sama ta fuskanci rana, ƙananan huji za su nuna kansu. A ja zif sama da ƙasa sau uku. Robar ƙugu in an ja ta yi ƙara kamar busasshen ganye, ta mutu, amma wannan gyaran ɗan kuɗi ne wurin tela, sai a nemi ragi da shi. Tabon mai yana fita. Rawayan tabon hammata da na ruwan jabel, wato bilic, ba sa fita, kada mai kaya ya ce muku omo zai cire.

A nemi ƙaramar takardar da ke ɗinke a gefen ciki. Coton ko cotton auduga ce, lin ko linen lilin ne, laine ko wool ulu ne. Acrylique roba ce mai kama da ulu, ita ce yadinta ke yin ƙuraje bayan wanki uku.

Hattara: lambar girma ta gwanjo ba abin dogaro ba ce, ta Faransa daban, ta Ingila daban, ta Amurka daban, kuma rigar ta sha wanki a can. A auna da tef.

Hattara: kada gwanjo ya shiga ɗaki kafin ya shiga ruwa. A jiƙa da ruwan zafi da sabulu in yadin zai jure, a shanya a rana, a goge da dutsen guga har cikin kalmasa, nan ƙwarƙwata da kuɗin cizo ke ɓuya. Kamfai da sauran kayan ciki kuwa ni sababbi nake saya, ko da guda biyu ne.

7. Sababbin kayan kanti da tambarinsu

Riga sabuwa dal a cikin leda, farashinta bai kai kuɗin ɗinkin hula ba: wani ne ya biya ragowar, kuma galibi mai ɗinkin ce. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Daka ta Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Daga Garwa ba za mu iya leƙa masana'anta ba. Abin da ke hannunmu shi ne rage sayen irin waɗannan, da sanin ma'anar tambari in mun gan shi.

OEKO-TEX Standard 100 yana nufin an gwada yadin ba a samu sinadari mai cutarwa fiye da ƙima ba. Yana da amfani ga kayan jarirai, amma bai ce komai kan albashin ma'aikaci ba. GOTS yana nufin aƙalla kashi 70 cikin 100 na zaren an noma shi ba da takin zamani da maganin feshi na kanti ba, kuma akwai sharuɗɗan ma'aikata a ciki. Fairtrade a kan auduga magana ce ta farashin da manomi ya samu. Cotton made in Africa kuma na audugar ƙananan manoman nahiyarmu ne. Tambarin OEKO-TEX da GOTS na gaske suna zuwa da lamba, ana iya bincika ta a shafinsu na intanet.

Hattara: hoton koren ganye, ko kalmar eco, ko naturel, ba tambari ba ne, ado ne. Kowa na iya bugawa. Kuma gaskiya, a kasuwanninmu a jikin gwanjo na fi ganin tambarin gaske fiye da a jikin sabo.

8. Saƙar hannu da rini

Gwado, saƙi, da farin ƙyallen nan mai siririn faɗi da Fulani ke kira leppi, har yanzu akwai masu saƙa su a ƙauyuka, kuma ana samu a cibiyar masu sana'ar hannu ta Marwa da kasuwannin mako. In da hali a saya daga hannun masaƙi. A duba haɗin layi da layi, nan yake fara ɓarkewa. A jiƙa kafin a kai wa tela, don yana tsukewa sosai a wankin farko.

Wurin tayi a ji tsoron Allah. Mun iya biyan abin da aka rubuta a kanti ba musu, amma tsohon da ya kwana bakwai a kan masaƙa sai mun raba kuɗinsa biyu. Ni nakan tambayi kwana nawa aikin ya ci, in raba kuɗin da kwanakin a zuciyata. In abin da ya fito bai kai ladan lebura na yini ba, ba na neman ragi.

Rinin baba na gaske yakan bar shuɗi a hankici da fata a farko, wannan ɗabi'arsa ce, gwajin hankici bai shafe shi ba. Rinin shadda na zamani kuwa da soda mai ƙuna ake haɗa shi. In za ku kai rini, ku dubi hannun masu aikin ko da safar roba, ku dubi inda ake zubar da ruwan. Na daina kai wa wani wuri ne ranar da na ga ruwan rininsu yana bin kwata zuwa inda yara ke wasa.

9. Tela

Duk maganar haƙƙin ma'aikacin Bangaladash ba ta da daɗin faɗi a bakin wanda telan layinsu ke bin sa bashi. Wata rana na je karɓar ɗinki, na fara ƙorafin an ƙara kuɗi. Telan bai ce komai ba, ya nuna min wani buhu a bayan keke.

“Adda, duba can. Duk ɗinkin sallar bara ne. Masu su ba su zo ba, kuɗin zare ma ban mayar ba.”

Yaran shagonsa uku suna zaune, ɗaya yana guga, kuma daga abin da aka biya ne ake sallamar su. Tun ranar na canza tsari, ga shi.

A kai ɗinki da wuri, mako shida kafin sallah in da hali. Ɗinkin goman ƙarshe na azumi, da ɗauke wuta da rashin barci, shi ne ake ba yaron da bai gama koyo ba. A wanke yadin auduga a shanya kafin a kai, ya gama tsukewarsa. A yi ciniki a gama kafin almakashi ya taɓa yadi, a faɗi ranar karɓa, a ba da kafin alƙalami, rabi in ana iyawa. Ranar karɓa a cika sauran a wurin. An ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ba a ce sai an ga albashi ba.

Sannan a faɗi abin da ake so a cikin ɗinkin, ba salon waje kaɗai ba. A bar yadi yatsa biyu a kowane gefe ta ciki, don a iya buɗawa in jiki ya ƙaru. Kayan yara a yi kalmasa mai zurfi, yatsa huɗu, shekara mai zuwa a sauke. A bi hammata da tsakiyar wando sau biyu. A kashe bakin yadi ta ciki kada ya zare. Zif a sa mai kyau ko da za a ƙara kuɗi, don zif ɗin banza shi ke kashe riga mai rai. A ce a dawo da ragowar ƙyalle, na faci ne da ɗankwalin yarinya.

Hattara: ɗinki mai duwatsu da gam da tarkacen ƙyalƙyali wanki biyu yake. Kuma salon da ya matse jiki ƙwarai ba ya karɓar gyara, ba ya kuma zama kwance ga kowa.

10. Anko

Nan kuɗin mata ke zurarewa. Biki huɗu a shekara, turmi huɗu, ɗinki huɗu, kowanne sawa ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa roba ce aka zaɓa don a samu ɗan abin da za a ɗora a kai. Ƙin yi yana da wuya, na sani, ana iya cewa ba ka son dangi. Ni ga yadda nake yi. Ina zuwa da kaina tun kafin a fara rabo, in gaishe da uwar biki, in ce, “Goggo, anko kam bana ba zan samu yi ba, amma ga gudummawata, kuma ranar girki da ni za a kwana.” In damƙa mata kuɗin a hannu. Sau ɗaya aka yi min fushi, ya wuce kafin suna.

In bikin na gidanku ne, ku faɗi launi kawai, kowa ya zo da abin da yake da shi. In kuma ba makawa sai an saya, a ɗinka doguwar riga ko riga da zani marasa hayaniya, waɗanda za su je asibiti su je kasuwa bayan biki.

11. Wanki da ajiya

Rabin mutuwar kaya a baho take. A juya ciki waje, a wanke da ruwan sanyi, mai launi daban fari daban. Atamfa da sabulun sanda ko sabulun salo, kada a jiƙa ta ta kwana a omo. Ruwan jabel na cin zare, fari ma ba kullum ba. Mai launi a shanya a inuwa, ranar Garwa a Maris tana koɗar da atamfa a 'yan makonni. Shadda a rage mata wanki, a kai wa masu bugu. Gishirin da ake cewa a zuba don kama launi, wurin rini yake aiki. In yadi ya riga ya zo da rini mai zuba, gishiri ba zai ɗaure shi ba.

Hattara: dutsen guga na gawayi ba ya da ma'auni. A fara gwadawa a cikin kalmasa, roba taɓawa ɗaya take so ta huje. Kafur ɗin nan fari da ake jefawa a akwati kuma kada ya kusanci kayan jariri, yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Akwati a ɗora shi kan katako ko bulo saboda gara da damshin damina.

12. In kaya sun gaji

Wanda ke da sauran rai a wanke, a gyara maɓallinsa, a goge, sannan a ba da kwance. Abin da kai ba za ka iya sawa ka fita ba saboda yagewa, ba sadaka ba ne. Tsohon zanin auduga yana zama zanin goyo, rigar matashi, matatar koko, daga ƙarshe tsumman goge ɗaki. Wandon babba yana fitar da gajeren wando biyu na yaro.

Roba ce matsala. Kada a ƙona ta a tsakar gida, hayaƙinta guba ne. Kada a jefa a kwata, ita da leda ke toshe magudana ruwan Agusta ya shigo ɗaki. Ni tumtum nake cusa wa. Masu fata a Marwa suna sayar da shi ba ciko, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka a mota. Biyun da ke falona cikinsu tsofaffin hijabai ne da yunifom ɗin yara, kowanne ya ci kusan buhu guda. A wanke tsummokaran su bushe ƙarau, a cire zif da maɓalli a ajiye wa tela, a yayyanka manyan, a cusa kaɗan-kaɗan ana dannawa da taɓarya. In ba a danna sosai ba, wata guda zai lotsa ta gefe ɗaya.